Wuƙar da Na Tafi da Ita Rugar Baffa Manu

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "To Malam Bello, yaya daji?" In na fara ba da labari sai mai sayen magani ya katse ni. In na sallame shi na dawo, sai in tarar wani sabo ya zauna, shi ma yana so a faro masa daga tushe. Ranar Juma'ar da ta wuce sau huɗu na tsallake rafi ɗaya da bakina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, kowa ya karanta abinsa, ni kuma in samu in yi ciniki.

Ga wanda bai san ni ba, magungunan dabbobi nake sayarwa kusa da Ƙofar Mazugal, gidanmu kuma yana Dala, a gindin dutse. Marigayi babana daga ƙasar Adamawa ya zo karatu yana saurayi, Kano ta riƙe shi. A nan aka haife ni, a nan na yi furfurar farko, ban taɓa kwana a wurin da babu rufi ba. Ƙaninsa, Baffa Manu, shi ya zauna da shanu a can tsallaken iyaka. A farkon daminar bana ya kira ni a waya. Ya ce tsufa ya kama shi, yana so ya ga ɗan yayansa da idonsa. Ya ce kuma shanunsa suna ramewa, yana zargin cutar sammore, tunda an ce na iya allura in zo in duba. Suna dab da tashi daga kwarin da suka yi rani su hau tudu, in na hanzarta sai mu yi tafiyar tare.

Na amsa da baki kafin zuciyata ta shirya. Na shiga kasuwa na sayi gidan sauro, da tocila, da takalmin roba. A wani kanti na ga wata wuƙa ja mai naɗewa, 'yar waje, tana ƙyalli a cikin gilashi. Akwai almakashi a jikinta, da abin buɗe kwalba, da ɗan zarto, har da tsinken sakace. Na saye ta ina jin na gama shirin daji.

Da yamma na kai wa Goggo Dija ta gani. Ita ce yayar babana, a ruga ta girma, sai bayan mijinta ya rasu ta dawo gidanmu. Ta karɓa, ta juya ta, ta buɗe, ta rufe.

"Ta yankan farce ce?" in ji ta.

"Haba Goggo, ta zaman daji ce. Haka aka rubuta a kwalinta."

"Wanda ya rubuta, a wane dajin ya zauna?" Ta sake lanƙwasa ta a hankali tana kallon mahaɗin. "Bello, wuƙar da take da gwiwa, ranar da ka fi buƙatarta ranar za ta durƙusa. Gobe ka zo da wuri, zan kai ka wani wuri."

Washegari ta yafa mayafi, muka taka da ƙafa, don ta ce adaidaita sahu yana kaɗa mata ƙashi. Muka bi ta Koki, muka shiga wani lungu da ban taɓa kula da shi ba duk zamana a birni. Tun daga nesa ake jin ƙarar masaba. A nan Malam Sale maƙeri yake, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Suka gaisa da Goggo kamar tsofaffin maƙwabta, sannan ya shimfiɗa wani buhu ya jera wuƙaƙe a kai.

Hannuna bai tsaya ko'ina ba sai kan wata doguwa, mai zane a ruwanta, ƙotarta an yi mata ado da farin ƙarfe. Malam Sale ya bar ni na gama sha'awarta.

"Malam, biki za ka ko daji?"

"Daji."

"To ajiye ta. Wannan ta rataye ce. Tsawonta ya kusa kamu ɗaya, in ka zauna ta tokare ka, in ka tashi feƙe turke ta gajiyar da kai. A hanya kuma duk jami'in da ya gan ta sai ya tambaye ka da wa za ka yi faɗa. Me za ka yi da wuƙar?"

Goggo ce ta ce, "Igiya, itace, nama, turke."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauko wata wadda ban ko kalle ta ba. Baƙa ce, ba ado, ruwanta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya miƙo mini ta ƙota, ya ce in duba gefen ƙotar. Sai na ga ƙarfen bai tsaya a bakin ƙota ba, ya zarce har ƙarshenta, an haɗa shi da katako biyu, an dasa ƙusa uku.

"Abu na farko ke nan," in ji shi. "Ƙarfe ɗaya daga tsini har gindi. Waɗansu siririn wutsiya kawai ake yi musu a cusa cikin katako, kana bugawa sau biyu sai ruwan ya rabu da ƙota ya bar ka da itace a hannu. Yanzu taɓa bayanta."

Bayan yana da kauri, ya kusa rabin ɗan yatsana ƙarami. Ya karɓa, ya ɗora kaifin a kan wani guntun icen marke, ya ɗauki wani icen ya riƙa dukan bayan wuƙar har guntun ya tsage biyu. Ya goge ta a gwiwar wandonsa, ya aske gashin da ya rage a damtsensa da ita, ya nuna mini. Ya ce da sifirin tsohuwar mota ya ƙera ta, ƙarfen da ya shekara yana ɗaukar kaya a hanya bai karye ba. Aibinta ɗaya, tana tsatsa. In ta jiƙe a goge, a shafa mata mai.

Sai ya yi abin da ya ba ni dariya a lokacin. Ya tsoma hannuna na dama a cikin ruwan da yake kashe ƙarfe, ya ce in riƙe ƙotar in matse. Ya kama bayan ruwan wuƙar da awartaki ya ja. Ba ta kuɓuce ba. Ya ba ni mai adon farin ƙarfen da jiƙaƙƙen hannun, ya ja kaɗan, ta sulluɓe kamar tarwaɗa.

"Daji ba ya jiran hannunka ya bushe," ya ce.

Kube a wurin badukun da ke maƙwabtaka da shi muka samu. Shi ma sai da Goggo ta sa aka zura wuƙar, ta kifa kuben ta girgiza. Na farko wuƙar ta faɗo, ta mayar. Na biyu ya riƙe ta gam, kuma in ka ja da hannu ɗaya tana fitowa. Shi muka ɗauka. Malam Sale ya ƙara mini da ɗan dutsen washi, ya ce a hanya wuƙar ta zauna a ƙasan jaka, sai na shiga daji in ɗaura ta a ƙugu. Ban gaya wa kowa ba, amma da na zo haɗa kaya sai da na cusa ja ɗin nan ita ma a aljihun jaka. Na ce ai tana da almakashi.

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi zuwa Yola. Mu huɗu aka cusa a kujerar tsakiya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta. Tun daga Wudil ta fara koya mini Faransanci, kalma uku kacal: ta gaisuwa, ta godiya, da ta ban haƙuri. Ta ce da su ta shekara goma sha tana ciniki. Kafin mu kai Gombe na haɗa su wuri ɗaya na kasa rarrabewa. A Gombe muka ci garau-garau a tsaitsaye, direba yana ta danna oda. Bayan nan taya ta yi faci, muka sauka muka zauna a gindin wata tsamiya, Hajiyar ta fito da dambun nama ta raba wa kowa har da direban da take ta yi wa faɗa tun safe. Muka haye gadar Numan rana ta yi sanyi, muka shiga Yola ana kiran magariba.

Masaukin da na samu kusa da tasha yake. Ɗaki ne da katifa da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Mu Kanawa muna cika bakin mun san zafi, to wanda bai je Yola ba ya daina. Mai masaukin ya dubi fuskata ya zubo mini Fillanci kamar ruwan famfo. Na tsinci kalma biyu na mayar masa. Ya yi murmushi irin na tausayi, ya juya zuwa Hausa, ya ce, "Na birni ne ashe."

Da safe na shiga wata ƙaramar mota zuwa garin da ke bakin iyaka. Daga nan sai acaɓa cikin yashi har bakin kogin Faro, sai kwale-kwale. A ɓangarenmu aka buga mini hatimi ba wata doguwar magana. A tsallake kuwa wani jandarma dogo, wato ɗan sandansu, ya ce in zazzage jaka a kan tebur. Ya ga allurai da kwalaben magani, ya nemi takardun sana'ata, na ba shi, ya daɗe yana dubawa. Sannan hannunsa ya kai ƙasan jaka ya fito da kube. Ya zare wuƙar, ya tambaye ni da Fillanci ina za ni da ita.

Na so in ce masa da Fillanci za ni wurin ƙanin babana mai shanu. Abin da ya fito daga bakina, kamar yadda aka fassara mini daga baya, shi ne shanu ne suka haifi babana. Jandarman ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, suka fashe da dariya har yana dafa tebur. Don in gyara sai na jefa masa Faransancin Hajiya, ashe maimakon ban haƙuri godiya na yi masa. Da ya gama share hawaye ya ce da Hausa tsantsa, "Malam, yi Hausarka, a cikin Hausawan kasuwa na girma." Na yi masa bayani. Ya gwada tsawon wuƙar da tafin hannunsa, ya taɓa bayanta, ya ce wannan ta aiki ce, ya mayar da ita kube da kansa. Ya tambaye ni inda aka ƙera ta, na ce Kano. Ya ce ya yi zato.

A bakin ofishin na tarar da Hamma Ja'e, babban ɗan Baffa, yana jira na da babur. Ya girme ni da shekara biyu, siriri ne kamar sandarsa, ba ya magana sai ta kama. Ya kai ni wata rumfa in karya kumallo. Burodinsu dogo ne kamar muciya, bayansa da tauri, a hammata ake ɗaukarsa ba a ko sa shi a leda. Mai rumfar ta tambaye ni ko zan sha gari. Na ce a raina, daga zuwa baƙo sai a jiƙa masa garin kwaki? Don kunya na ce to. Sai ga kwano cike da kunun gyaɗa mai zafi, da tsamiya da shinkafa a ciki. Ashe su abin da suke kira gari ke nan. Kwano biyu na sha.

Muka yi ta tafiya a babur har hanya ta ƙare, muka ajiye shi a wani ƙauye muka ci gaba da ƙafa. La'asar sakaliya muka isa ruga. Baffa Manu yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna ya ƙura wa ido. Can ya ce, "Ƙafar Hamma ce." Yana nufin babana, don haka suke kiran yaya. Ya juya kai gefe, ni ma na kasa ɗagowa.

Zaman ruga ya koya mini cewa mu mutanen birni da surutu muke rayuwa. Gaisuwarsu doguwa ce amma ƙasa-ƙasa, kowa idonsa a ƙasa. A gidanmu in an kawo tuwo sai a kewaye kwano ana hira ana miƙa hannu. Su kowa ya ɗan juya gefe ya ci nasa shiru, kuma ba mai cewa yana jin yunwa ko da ya wuni bai ci ba. Tuwon masara ne da miyar ganye, sai madara mai ɗumi da safe, sai kindirmo da rana. Babban kuskurena a rana ta biyu na yi shi. Ina lissafin yawan maganin da zan haɗa, na ce, "Baffa, shanun nawa ne?" Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi." Daga baya Hamma Ja'e ya ja ni gefe ya ce ba a ƙirga shanu da baki, kamar yadda ba a tsayar da mutum a ƙirga masa 'ya'ya. Kowace da sunanta, in babu ɗaya za a sani. Sai na koma bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran suna, saniya tana ɗago kai ta taho, ni kuma ina duba ido da dasashi. Zargin Baffa gaskiya ne. Kwana uku muka yi muna allura.

Ranar da muka tashi aka ɗora komai a kan takarkarai, shanun ɗaukar kaya: tabarmi, ƙore, buhunan masara, sandunan bukka. Ni ma aka ɗaura jakata a kan wani baƙin takarkari mai suna Ɓaleri, wanda Baffa yake ji da shi fiye da kowane. Na ɗaura wuƙar Malam Sale a ƙugu, ja ɗin kuma na sa a aljihu.

A zangon farko na tashi kafa gidan sauro, ina buƙatar turaku huɗu. Na fito da ja ɗin don mutane su gani. Na buɗe ɗan zarton, ya lanƙwashe a reshe na farko. Na buɗe wuƙar na fara fiƙe, na danna da ƙarfi a kan wani ƙulli, sai ta rufe a kan yatsana. Jini ya ɓalle. Hamma Ja'e ya tsinko wani ganye ya murza ya ɗaure mini, bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Na mayar da ita jaka, na zaro baƙar. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama turaku huɗu har na ƙara biyu.

Zango na uku ruwa ya yi mana dukan tsiya tun azahar. Da ya ɗauke, duk itacen da ke wurin ya jiƙe, mata suna ta hura wuta sai hayaƙi. Na tuna abin da na gani a maƙera. Na samo wani kakkauran reshe busasshe da ruwa ya jiƙa bayansa, na ɗora kaifi, na riƙa dukan bayan wuƙar da wani ice. Ya tsage, cikinsa a bushe ƙayau. Na tsattsaga shi sirara na miƙa wa matar Hamma Ja'e, nan da nan wuta ta kama. Hamma Ja'e ya karɓi wuƙar ya duba, ya gwada ta da tasa da ke ɗaure a damtsensa na hagu. Tasa ta fi tawa kaifi, siririya ce ta fiɗa, amma ya ce ba zai yarda a doki bayanta haka ba. Murna ta sa na mayar da ita kube a jiƙe. Da safe na zaro ta na ga ta yi ja kamar an barbaɗa mata barkono. Sai da na zauna da dutsen washi da man shanu kafin ta dawo hayyacinta.

A rana ta shida muka iso wani rafi. Hamma Ja'e ya ce da rani a idon sawu yake, amma ruwan da aka yi a kan tudu ya cika shi, ya yi jajir yana gudu. Baffa ya shiga gaba yana kira, garken ya bi shi. Mata da maruƙa da sauran maza suka bi ta sama inda ya fi faɗi. Kafin a jima duk sun haye sun sha kwana bayan wasu bishiyoyi. Saura mu biyu da Ɓaleri. An bar mu a baya ne saboda ni, don ruwan da na sani duk duniya shi ne na bokiti. Hamma Ja'e ya kama igiyar hancin takarkarin ya shiga gaba, ya ce in dafa kayan in bi a hankali.

Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Muna tsakiya Ɓaleri ya taka rami. Ya tuntsura gefe, kayan suka juye suka koma ƙarƙashin cikinsa. Tabarmi da buhuna suka sha ruwa suka yi nauyi, igiyar da ta ɗaure su kuma ta sarƙe da wani kututture da ke nutse. Ya yunƙura ya kasa tashi. Na ga hancinsa ya nutse, ya fito, ya sake nutsewa. Hamma Ja'e ya naɗe igiyar hancin a wuyan hannunsa, ya rungumi bakin takarkarin da hannu biyu ya ɗaga shi sama da ruwa. Duk fizgar da dabbar ta yi sai ta ja shi ƙasa tare da ita. Wuƙarsa tana damtsensa, amma in ya saki hannu ɗaya shi ke nan.

"Bello! Wuƙa! Yanke igiyar kayan!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na duba tsallake, ba kowa. Ruwa yana tura ni. Na cusa hannun hagu cikin kayan na riƙe gam, na kai na dama ƙugu, na ja. Ta fito. Ba na ganin komai a cikin jan ruwan, da yatsu na lalubo igiyar, ta roba ce mai kaurin babban yatsa, an zagaya ta sau uku. Ta farko na yanke, ta biyu na yanke. Ta ukun ta ɗame ta nutse cikin fatar Ɓaleri har ba inda yatsa zai shiga. Na ja numfashi, na sa kaina cikin ruwa, na kwantar da wuƙar na zura ta tsakanin igiya da fata, na juya ta bayanta ya jingina da haƙarƙarinsa, kaifin yana kallon waje. Na ce bisimilla na ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Igiyar ta tsinke da wata irin ƙara da na ji ta a cikin haƙorana. Kayan suka tafi da ruwa. Ɓaleri ya yunƙura ya miƙe, kafaɗarsa ta make ni na yi ƙasa. Na sha ruwan Kamaru ya fi cikin moɗa uku. Sai na ji an damƙi wuyan rigata an fizgo ni. Hamma Ja'e ne, hannu ɗaya a rigata, ɗaya a igiyar takarkarin, haka Ɓaleri ya ja mu mu biyu har gaɓa.

Na kwanta a kan yashi ina tari ina amayar da ruwa. Da na dawo cikin hankalina sai na ga har yanzu wuƙar tana hannuna, yatsuna sun ƙi buɗewa. Hamma Ja'e ne ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Wuyan hannunsa ya saluɓe yana jini. Ya dube ni, sai ya fara dariya, ni ma na kama, muka yi ta yi kamar mahaukata har mutane suka iso da gudu.

An tsinci buhun masara ɗaya da tabarmi biyu a can ƙasa sun maƙale a saiwa. Jakata kuwa har yau tana hanya, da kayan sawata, da gidan sauro, da tocila, da ja ɗin nan mai almakashi. Allah ya taimake ni fasfo da waya suna cikin leda a rataye a wuyana. Baffa ya zo ya zagaya Ɓaleri, ya shafa haƙarƙarinsa inda igiya ta yi shata. Ko ƙwarzane babu daga wuƙar. Ya dubi hannun ɗansa, ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "A ba shi riga."

Kwana uku bayan nan muka isa tudun da za su yi damina. Da safen ranar da zan juyo, Baffa ya sa aka kira ni cikin garke. Maza duk suna tsaye. Hamma Ja'e ya riƙe wata karsana mai launin ƙasa-ƙasa, mai farin goshi, sunanta Saye. Baffa ya ce babana yana da tasa shaidar da ake yi wa shanunsa a kunne tun suna yara, tsaga biyu a kunnen dama, kuma tun da ya tafi karatu ba a sake yin ta a garken nan ba.

"Zaro wuƙarka," in ji shi.

Na wasa ta, na goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya rage a aljihun Hamma Ja'e. Na yi allura ta fi dubu a rayuwata, amma ranar sai da Baffa ya dafa mini gwiwar hannu. Na yi tsaga biyu. Saye ta girgiza kai, ta yi tsalle ta koma cikin 'yan'uwanta. Baffa ya ce, "Ita da abin da za ta haifa naka ne. Za ta zauna a nan, don ka san kana da abin da za ka zo dubawa."

Haka na juyo, cikin rigar Hamma Ja'e da ta tsaya mini a gwiwa, da malfa a ka, da ƙwaryar man shanu a hannu. Jandarman nan bai gane ni ba sai da na yi magana. Na sauka a Kano ƙafafuna a kumbure, na shiga lungunmu a Dala, maƙwabcina na shekara ashirin ya tare ni yana tambaya ko wani gida nake nema.

Shekaranjiya ina tsakiyar auna wa wani mutum maganin tsutsa waya ta yi ƙara. Hamma Ja'e ne, ya hau kan wani dutse inda ake samun sabis. Muka gaisa, na tambayi Baffa, na tambayi hannu, ya ce ya warke, shanu kuma sun fara mayar da jiki. Sai ya ce in dakata, akwai mai son magana da ni. Na ji ƙarar tafiya cikin ciyawa, na ji ya kira suna, sannan wani dogon kuka ya cika mini kunne har mai sayen maganin ya ja da baya.

"Malam Bello, wa ke nan?" in ji shi.

Na ce, "Saniyata ce, daga Kamaru take gaishe ni."